Mai karanta shafin girki, hannunta na cikin kwaɓi

Lokacin da na fara wallafa girke-girke, duk ƙarfina a kan hoto na zuba. Na koyi ɗauka kusa da taga da hantsi, don hasken rana ya fi na ƙwan lantarki fito da launin abinci. Yabo ya yi ta zuwa, amma masu yabon ba su cika dawowa ba.

Rubutun da ya tara min mutane na gaske shi ne na burodi, kuma hotunansa su ne mafi muni a cikin duk abin da na taɓa sakawa: kwaɓi yana manne wa yatsu, kwaɓi ya kumbura ya ninka a cikin kwano, sai ɗan ramin da yatsana ya bari da na danna shi. Wata baiwar Allah ta rubuto min cewa saura ƙiris ta zubar da nata, ta ɗauka ruwa ya yi yawa, sai ta ga nawa ma haka yake a wannan matakin. Har yau in na tuna sai in ji daɗi. Ashe tana tsaye ne a kicin, waya na jingine da gwangwani, gari duk a hannu, so take a gaya mata ko tana kan hanya.

Daga nan na koma duba awo. Kalmar "kofi ɗaya" ta sha ɓata wa mutane kek. Kofin awo na Amurka kusan mililita 240 ne, na Ostareliya 250. Babban cokali a yawancin ƙasashe mililita 15 ne, a Ostareliya kuwa 20. Fulawa ta fi rikici: in an zuba ta a hankali da cokali, kofi zai yi wajen giram 120, in an dumbuza daga buhu ya kan kai 150. Wannan bambancin kaɗai ya isa ya mai da kek ya yi tauri. Yanzu giram nake rubutawa, zafin oben kuma da ma'auni biyu, 180 na Salsiyas ko 350 na Faranhait. Ba na tsayawa a "minti 25", ina ƙarawa da yadda saman zai yi ja da yadda tsinke zai fito a bushe, don oben ɗin kowa da halinsa.

Abin da ke ƙona min rai har gobe shi ne shafin da za ka buɗe, man na kan wuta, sai dogon labari, sai talla ta rufe fuskar wayar, ka nemi inda za ka kashe ta da jiƙaƙƙen yatsa ka rasa. Tun watan Janairun 2017 Google ya fara rage darajar shafukan da irin wannan talla ke rufe rubutunsu a waya, wato yana mai da su ƙasa a jerin sakamakon bincike, amma har yanzu ana yi. Haka ma masu rubuta cewa albasa za ta yi laushi ta koma ruwan zuma a minti biyar, alhali sai ta haura rabin awa a kan wuta kaɗan-kaɗan. Wanda ya gwada ya ga ba haka ba, ba zai sake yarda da su ba.

Labari ban daina ba, don wasu na so. Sai dai na mai da shi ƙasa. Kayan haɗi a sama, jere bisa yadda za a ɗauke su, sannan matakai gajeru, kowanne da hoton kwaɓin yadda yake a kwanona.