Yadda muke haɗa wa dattawan Zariya shaidar zama ɗan ƙasa

Duk lokacin rajistar zaɓe nakan raka dattawan unguwarmu da ba su da ko takarda ɗaya. A gida aka haife su, ungozoma ce ta yanke cibiya, babu wanda ya rubuta rana. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya jingina zama ɗan Najeriya ta haihuwa ga iyaye da kakanni, saboda haka aikin shi ne mayar da abin da unguwa ta sani zuwa rubutu.

Daga mai unguwa ake farawa. Shi zai rubuta cewa ya san mutumin, ya san gidansu. Dagaci da hakimi su sa hannu da hatimi, sannan a kai sakatariyar ƙaramar hukuma a karɓi takardar ɗan asali. A lura, Samaru a ƙarƙashin Sabon Gari take, kada a ɗauki tsoho a kai shi sakatariyar Zariya a banza. Sai kotu, inda wani babba a dangi zai yi rantsuwa kan shekaru. Wanda ya kai shekara 18 takardar tabbatar da haihuwa Hukumar Ƙidaya take ba shi, daban da irin ta jarirai.

Inda aka fi shan wahala shi ne suna. Muhammadu a nan, Mohammed a can, sunan uba ya koma sunan kaka, shekara ta bambanta da ta NIN, wato lambar shaida ta ƙasa. Gyara yakan ci watanni. Yanzu kafin mu fita nakan rubuta suna da ranar haihuwa a ƙyallen takarda, kowane ofis daga nan za a kwafa, harafi da harafi.

Masu cewa a tilasta NIN kafin zaɓe, kamar yadda ake ta muhawarar takardar shaidar masu zaɓe a Amurka, sun manta baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida shi ma ana ba shi lambar nan mai alƙaluma 11. Ban ƙi tantancewa ba. A 2023 na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta duba yatsa da fuska a rumfa, kuma ta rage zaɓe da katin wani. Amma kowace sabuwar takarda kuɗin mota ne, da hoto, da wuni guda a layi, kuma tsofaffi da matan aure ke fara sarewa. Su nake fara kaiwa, da sassafe, kafin layi ya yi tsawo.