Asabar, 20 ga Ramadan 1445: Kayan Sallar Hajiya

Tun da na fara karɓar albashi, Sallah ba ta taɓa zuwa ban saya wa Hajiya turmin atamfa ba, kuma bana ma tun farkon azumi na ware kuɗin, duk da tsadar da ta addabi kowa tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Da hantsi na je gaishe ta, na durƙusa a bakin ƙofa, na shaida mata cewa zan shiga Kantin Kwari, ko akwai launin da take so. Ta daɗe tana jan carbi ba ta tanka ba. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunana. Can sai ta ce, "Kai, jawo mini akwatin nan na ƙarƙashin gado."

Turame huɗu na ƙirga a ciki waɗanda almakashi bai taɓa ba, har da wanda na kawo mata bara, takardar kamfani tana nan manne a jikinsa. Ta ce, "Jiki ɗaya gare ni. Idan don ka faranta mini rai kake yi, to kuɗin bana na marayun gidan can ne." Maƙwabcinmu take nufi, mai tuƙa adaidaita sahu, wanda Allah ya yi wa rasuwa a watan Rajab ya bar yara uku, ga mahaifiyarsu tana cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, wadda ba za ta fita ba sai bayan Sallah.

Da farko raina bai so ba. Na saba in gan ta ranar idi cikin tufar da na saya, 'yan barka da Sallah suna yabawa, tana ce musu babban ne ya kawo. Na roƙe ta ta bari in raba kuɗin biyu, ta ce idan aka raba, ita ba ta ƙaru ba, su kuma an rage musu. A kan hanyar kasuwa na yi ta juya maganar, har na gane cewa shekara da shekaru wani kaso na wannan kyauta kaina nake yi wa, domin yabon da ke biyo bayanta nake jira, alhali kuwa abin da aka ba mutum nasa ne, shi ke da ikon cewa ga inda za a kai shi.

Kwari ta cika maƙil, ga zafin rana ga azumi, 'yan dako suna ta neman hanya da diloli a ka. Na yanko wa mazan biyu shadda, na ɗauki atamfa mai yadi shida wadda za ta ishi yarinyar da mahaifiyarta idan an yi tattali, sauran canjin kuma na sayi huluna biyu da takalma.

Wajen tela ne na fi jin tsoro, domin tun goma ga wata ya rufe karɓar ɗinki, ga rashin wutar lantarki. Ashe Hajiya ta riga ta shirya, don tun jiya ta sa uwargidana ta karɓo tsofaffin rigunan yaran a matsayin gwaji, ba tare da an kawo su an auna su a gaban mutane ba. Da farko telan ya nuna mini tarin kayan da ke jiransa, ya ba ni haƙuri. Da na kwance ƙullin, sai ya ɗaga rigar ƙaramin, wadda aka yi wa faci a aljihu da zare na wani launi daban, hannunta kuma an warware kalmasar don ya ƙara tsawo. Ya tambayi ko ta wane ne, na gaya masa a taƙaice. Ya rubuta awon da alli a jikin shaddar, ya ce in dawo ranar 27 ga wata, kuma kada in kawo masa kuɗin ɗinkin ƙaramin.

Bayan buɗa-baki na koma na yi wa Hajiya bayani, na kuma tambaye ta ko in haɗa musu da zakkar fidda kai ta gidanmu a kai lokaci guda. Ta ce wannan daban, domin ita wajibi ce, mudun Annabi huɗu na hatsi a kan kowane mutum, kuma ana fitar da ita gab da idi; ba a biyan bashi a kira shi kyauta. Ta gindaya sharaɗi cewa uwargidana ce za ta kai kayan da dare a ƙarƙashin hijabi, ta ce daga kakarsu ne, kada wani yaro na gidanmu ya sani balle wata rana ya goranta musu a wajen wasa. Ta karanto mini aya ta 264 ta Suratul Baƙara, wadda ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa.

Na miƙe zan tafi asham, sai ta zaro turmin bara daga akwatin ta tura mini shi a kan tabarma. Ta ce in kai wa telan, idan ya samu sarari ya ɗinka, idan kuma bai samu ba, ko bayan Sallah ne za ta saka.