Wasiƙa daga Lids: Abin da jan karaban ya koya mini game da lodi da gudu

Assalamu alaikum 'yan'uwana na Daura da kewaye,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne daga Lids, a arewacin Ingila, inda nake zaune da iyalina shekaru da dama. Maganar da ke tafe da ni ta shafi wani abu da ba kasafai ake ganinsa a hanyoyinmu ba, wato karaban, ɗakin kwana mai tayoyi da ake maƙala wa mota a baya a ja shi zuwa wurin hutu. A cikinsa akwai gado da murhun gas da ɗan banɗaki, kuma da zarar sanyi ya wuce sai manyan hanyoyin ƙasar nan su cika da irinsa. Na san wani zai ce ina ruwan mutumin Daura da wannan? Ruwansa shi ne, duk wanda ya taɓa ɗora janareto ko tankin ruwa ko injin casa a kan ƙaramar tirela ya ja da a-kori-kura, ko ya ja matacciyar mota da igiya daga Mashi zuwa Katsina, haɗarin da ya kusa cin raina shi ma yana biye da shi.

Shekaru uku da suka wuce na sayi karaban na hannu, muka shirya tafiyarmu ta farko ni da maiɗakina da yaranmu biyu. Da na zo lodi, sai na tara duk kaya masu nauyi a can ƙuryar baya, domin nan ne na ga sarari: buhun shinkafa, jarkoki biyu cike da ruwa, akwatin tufafi, da rumfar da ake kafawa a gefen karaban ɗin tare da sandunanta na ƙarfe. Muka kama babbar hanyar M62 wadda ta haɗa Lids da Mancesta. Hanyar tana ratsa duwatsu, har ta hau tudu mai tsayin mita 372 sama da teku, kuma wuri ne mai iska ƙwarai. Muna gama hawa muka fara gangara, gudun motar ya ƙaru ban lura ba, sai ga wata doguwar bas ta wuce mu ta hannun dama. Abin da na fara ji shi ne kamar an ɗan ja bayan motar gefe guda. Da na dubi madubi sai na ga farin jikin karaban ɗin ya leƙo ta dama, ya ɓace, ya sake leƙowa ta hagu, kuma kowane leƙe ya fi na baya faɗi. Maiɗakina ta riƙe ƙofa tana salati, yaran suka yi tsit. Ƙafata ta nufi birki, amma Allah Ya taimake ni na tuna gargaɗin da wani dattijo maƙwabcina ya yi mini kwana biyu kafin tafiyar, cewa idan wutsiya ta fara kaɗawa kada in taka birki da ƙarfi, kada in yi kokawa da sitiyari, kada kuma in ƙara wuta da nufin miƙar da ita. Na ɗage ƙafa daga totur a hankali, na riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, na bar motar ta rage gudu da kanta. Lilon ya yi ta raguwa har ya tsaya. Da muka samu wurin tsayawa na fito, gwiwoyina ba su iya ɗaukata ba sai da na zauna a bakin hanya.

Bayan mun dawo na kai wa dattijon nan labari. Mutum ne da ya shafe shekaru masu yawa yana jan karaban, kuma bai ce mini komai ba sai da ya shiga gida ya ɗauko sikelin auna nauyin mutum da guntun katako. Ya sa na mayar da kayan daidai yadda na loda su ranar tafiya, ya ajiye sikelin a ƙasa, ya tsayar da katakon a kai, ya sauke hancin karaban ɗin, wato inda ake maƙala shi da mota, a bisa katakon. Allurar sikelin ba ta kai kilo 20 ba. Ya ce mini a nan matsalar take, ba a bas ɗin da ta wuce mu ba. Ƙa'idar da ake bi a nan ita ce hancin ya danne ƙugiyar mota da kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin karaban da kayansa, muddin bai wuce abin da masu ƙera motar suka yarda ƙugiyar ta ɗauka ba. Nawa yana da nauyin kilo 1,200, don haka kamata ya yi sikelin ya nuna tsakanin kilo 60 da 84. Muka dawo da shinkafar da rumfar tsakiya, a ƙasa, daidai saman tayoyi, muka zubar da ruwan jarkokin tunda akwai famfo a duk inda za a sauka, muka bar tufafi da barguna kawai a akwatunan sama. Da muka sake aunawa sai allurar ta tsaya a kan 70.

Dalilin abin ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa tura baro ko amalanke. Tirela tana juyawa ne a kan tayoyinta, kuma duk nauyin da aka ajiye nesa da tayoyin ta baya yana zama kamar dutse a bakin majajjawa. Da zarar iska ko rami ko ɗan murɗa sitiyari ya tura shi gefe, sai ya zarce inda aka so, ya dawo da ƙarfi, ya riƙa jan bayan motar tare da shi. Nauyin bayan kuma yana ɗaga hanci, ya rage wa tayoyin bayan mota riƙon ƙasa a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Idan aka yi akasin haka aka cika nauyi a gaba, shi ma ba a tsira ba, domin gindin mota zai nutse, tayoyin gaba su yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana. Haka nan ba a gyara nauyin gaba ta hanyar ƙara wani nauyin a baya, domin sikeli zai nuna daidai alhali kayan da ke ƙarshe biyu su ne mafi saurin tayar da lilo.

Akwai kuma batun girman motar da ke ja. Ƙungiyoyin masu karaban na ƙasar nan suna ba sabon shiga shawarar kada nauyin abin da yake ja ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motarsa ba kaya, wato mota mai kilo 1,500 ta tsaya a kan kilo 1,275. Wannan shawara ce, amma akwai abin da yake doka: duk tirelar da nauyinta da kaya ya wuce kilo 750 dole ne ta kasance da birkinta na kanta, da wata wayar ƙarfe da za ta ja birkin idan tirelar ta kwance daga mota. A watan Disamba na 2021 an soke jarrabawar musamman da ake yi kafin mai lasisin ƙaramar mota ya ja tirela mai nauyi, aka ba shi izini har kilo 3,500. A ganina wannan sassauci bai yi wa mutane irina alheri ba, domin da an tilasta mini koyo da ban hau hanya da iyalina cikin jahilci ba.

Maganar gudu ita ce ta fi damuna, saboda na san halinmu a kan hanya. A nan, mai jan karaban ko tirela ba ya wuce mil 60 a awa a kan babbar hanya, kusan kilomita 96 ke nan, alhali sauran ƙananan motoci suna da izinin mil 70. A kan hanyar da ba a raba hannun zuwa da na dawowa ba, iyakarsa mil 50, wato kilomita 80, kuma an hana shi shiga layin ƙarshe na masu sauri a babbar hanya mai layi uku ko fiye. A Jamus ma kilomita 80 ne iyaka sai ga wanda aka duba motarsa da tirelarsa aka ba shi izinin 100. Ba don takura aka sa waɗannan lambobi ba. Kowace mota da abin da take ja suna da wani gudu wanda idan ana ƙasa da shi lilo yakan mutu da kansa, idan kuwa aka haura shi sai ya riƙa ƙaruwa, kuma mummunan lodi yana sauko da wannan iyaka ƙasa ba tare da direba ya sani ba. Ga kuma nisan tsayawa: wanda ya tashi daga kilomita 80 zuwa 100 ya ƙara wa birkinsa aikin da ya haura rabi, ga nauyin tirela yana tura shi ta baya. Ni yanzu mil 55 nake riƙewa ko da hanya babu kowa, kuma tun kafin in fara gangara nake rage gudu in sauko da giya, domin a gangara ne abin ya fi tashi. Masu sauri suna wuce ni, ni kuwa na yarda da maganar magabata cewa sannu ba ta hana zuwa.

Zuwana gida na ƙarshe, a kan hanyar Daura zuwa Kazaure, na ga a-kori-kura tana jan tankin ruwa a kan wata tirela ƙirar masu walda, ba birki, ba fitila, an ɗaure ƙugiyar da kusa da waya, kuma direban yana gudun da ni da ke cikin ƙaramar mota sai da na yi da gaske kafin na wuce shi. Lita 1,000 ta ruwa kilo 1,000 ce, ban da nauyin tankin da na tirelar, don haka tun kafin ya tashi ya wuce abin da za a yarda a ja ba birki a nan. Tankin da bai cika ba ma ya fi haɗari, domin ruwan yana kai-komo a ciki yana tura tirelar duk inda ya ga dama. A dokokin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, manyan motocin tirela da tanka ba sa wuce kilomita 50 a babbar hanya da 60 a tagwayen hanya, motar janwe kuwa idan tana ja kilomita 45 ne iyakarta. Hanyoyinmu suna da ramuka da dabbobi da masu babur, ga iskar hunturu da ƙura, saboda haka wanda ke jan kaya a can ya fi ni bukatar sassauta ƙafa. Mai jan matacciyar mota da igiya kuma ya tuna cewa idan inji ba ya aiki birki yakan yi tauri, sitiyari ya yi nauyi, wanda ke zaune a motar baya ba zai iya tsayawa da wuri kamar na gaba ba.

Taya ma ta cancanci a tsaya a kanta. Tayar tirela ba ta cika cinyewa ba saboda zamanta ya fi tafiyarta, amma rana da daɗewa suna busar da ita ta tsattsage a gefe. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, don haka 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Shawarar da ake bayarwa a nan ita ce a canza tayar karaban idan ta kai shekara biyar, kada kuma ta wuce bakwai ko da zanenta yana nan kamar sabo. Idan a ƙasar da rana ba ta da ƙarfi haka ake yi, ku kwatanta da tayar da aka saya ta hannu ta kuma kwana watanni a zafin bazarar Katsina.

Roƙona ga iyayenmu masu walda da ke ƙera waɗannan tireloli shi ne su sa tayoyin su ɗan koma bayan tsakiyar bodi domin hanci ya samu nauyi, su sa sarƙar tsaro da fitilun baya, su kuma rubuta a jiki iyakar kilo nawa za ta ɗauka. Masu ja kuma su nemi sikeli da guntun katako, awon ba ya cin minti biyar. In Allah Ya kai mu hutun ƙarshen shekara ina nan tafe, kuma zan riƙo sikeli guda saboda ƙanena da ke jan injin ban-ruwa zuwa gona, mu auna tasa tirelar tare a ƙofar gida.

A gaida iyaye da 'yan'uwa baki ɗaya.

Naku,
Ɗan'uwanku mazaunin Lids