Daga Bergen zuwa Zazzau: a daina ƙona manja

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na Zazzau, daga cikin Birni har Samaru. Da fatan ana lafiya, ya sanyin hunturu?

Kifi shi ne arzikin garin nan na Bergen a ƙasar Norwe, musamman wanda ake kira salmon, mai jan nama. Na cikin teku yana samun jansa ne daga ƙananan halittun da yake ci. Na kiwo kuwa, in ba a zuba masa sinadarin astazantin a abinci ba, namansa fari-fari zai fito, a rasa mai taya shi. Don haka kuɗi suke sawa su sayi launin, har da wani kati mai jerin launuka da ake karawa jikin nama a ga ko jan ya kai.

Astazantin ɗaya ne daga dangin karotinoyid, masu yawa fiye da 600. Su suka ba karas launinsa, da tumatir, da mangwaro, da gwanda, da gwaiduwar ƙwai. Tsirrai da wasu ƙananan halittu ke ƙera su. Kaza da kifi da mutum sai sun ci suke samu. Shi ya sa kazar gida mai tsince-tsincen ganye gwaiduwarta ta fi ta wadda aka ƙulle kan farar masara rawaya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne manja. Da wuya a samu abincin da ya kai ɗanyen manja beta-karotin, ɗaya daga dangin nan na karotinoyid, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Amma me muke yi? A ɗora tukunya, a zuba manja, a bar shi har hayaƙi ya turnuƙe madafi, yara na tari, jan ya dusashe ya koma kamar man gyaɗa, sannan a ce ya soyu. Wannan jan da ya tafi, shi ne amfanin. Hajiya, in gafinsa ne ba kya so, ki narka shi a wuta kaɗan, ki jefa albasa, ki zuba kayan miya tun yana ja.

Rashin bitamin A ne ke kawo dundumi, yaro ya riƙa laluben bango da magariba. Yana kuma sa ƙyanda da gudawa su fi kayar da yaro.

Ganye ma na da beta-karotin, kore ne ya rufe shi. Zogale, alayyahu, rama. Sai dai karotinoyid ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, kuma a nan kakanninmu sun riga malaman kimiyya: kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa daidai yake. Inda ake kuskure wajen shanya ne. Ganyen da aka baza a tsakar gida rana na dukansa har ya koɗe ya yi asarar sinadarin da yawa, gara inuwa mai iska.

Manoma kuma, a Samaru nan kusa da ku, cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello na cikin waɗanda suka fitar da masara mai launin ruwan lemo da aka ƙara wa wannan sinadari. Na san za a ce tuwonta bai yi fari ba. To a fara da kunun yara.

Kada wani ya karanta wannan ya ruga kemis sayen ƙwayoyi. A Finlan, binciken da aka wallafa a 1994 kan maza masu shan taba kusan 29,000 ya nuna waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Ɗigon bitamin A da ma'aikatan lafiya ke ba yara daban ne, wannan a kai su a karɓa.

In kun shiga kasuwar Sabon Gari, ku sayi manja wurin wanda kuka yarda da shi, don akwai marasa tsoron Allah da ke zuba masa rini. A gaida mutanen gida.

Wassalam, ɗanku da ke Bergen.