Wane bugu?

Daren jiya har ƙarfe biyu ina zaune shayi ya huce a gabana, ina bin hashiyoyin babi na biyu na risalata, wato bayanan madogara da ke ƙasan shafukan kundin binciken digirina, ɗaya bayan ɗaya. Mushrif ɗina, malamin da ke duba aikin, shi ne ya dawo min da babin, a gefen wata hashiya ya sa jan biro ya rubuta kalma biyu kacal: wane bugu?

Kuma wallahi gaskiyarsa ce. Na rubuta Fathul Bari, sharhin Sahihul Bukhari, juzu'i kaza shafi kaza na wuce abina, alhali akwai bugun Salafiyya akwai na Darul Ma'arifa akwai na Dar Ɗayyiba, in mai munaƙasha, wato malamin da zai yi maka tambayoyi ranar kare risala, ya ɗauko wanda ke kan kantarsa ya buɗe shafin bai ga maganar ba to kai ne maƙaryaci a idonsa ko da ka yi rantsuwa da Alƙur'ani.

Inda na ci tuwon wahala shi ne Shamila, manhajar kwamfuta mai tarin littattafan Larabci. Duk ɗaliban Madina mun dogara da ita, amma ba kowane littafi a ciki ne lambar shafinsa ta dace da na takarda ba. Ka leƙa katin bayanan littafin tukun, in ka ga an rubuta "muwafiƙ lil maɗbu'", wato ya dace da bugun takarda, to bismillah, in kuwa an ce kwamfuta ce ta jera lambobin, ɗauki takalminka ka nufi laburaren Harami bayan la'asar ka duba da idonka.

Hadisi ma haka. Hadisin niyya lamba 1 ne a Bukhari, a Muslim kuma 1907 a lissafin Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, wani bugun lambarsa daban, shi ya sa ake son ka haɗa da sunan kitabi da babi.

Wani abokina ɗan Sakkwato da ke karanta injiniyanci a Jidda dariya yake min, wai su Zotero, manhajar tsara madogara, ke jera musu komai. Na ce Malam ai Zotero bai san ana tsallake "Al" wajen jera sunaye ba, bai san muhaƙƙiƙi, mai tantance matanin littafi, ba sai ka koya masa, ga shekarar hijira ga ta miladiyya.

Yanzu duk littafin da na taɓa sai na fara ɗaukar hoton bangonsa da shafin bayanan bugu kafin in karanta ko layi ɗaya. Saura hashiya sittin da wani abu, ranar Lahadi zan mayar wa mushrif da babin.