Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Matan Nonell

Makon jiya na tsaya a inda 'yan sanda suka kwashe min jakunkunan da nake kasawa a bakin ruwan Barsalona. Washegari Asabar ce, ba jari, ba abin yi, ga sanyi kamar ya fasa ƙashi. Dattijon da muke kwana ɗaki ɗaya, Badamagare ne, ya ce, "Tashi yaro, mu hau dutsen Monjuwik. Daga ƙarfe uku shiga gidan zane kyauta ne, kuma akwai ɗumi a ciki."

Na ce, "Baba, ni da zane?"

Wallahi ɗumin na bi. Sai ga ni tsaye gaban wata mata a jikin allo, ta duƙunƙune cikin mayafi mai duhu, ta sunkuyar da kai. Zaman gwaggona sak, ranar da aka yi mata rasuwa. Ƙafata ta ƙi ɗagawa.

Baba ne ya ba ni labarin, ya ce Isidre Nonell ne ya zana ta. A nan Barsalona aka haife shi a 1872, gidansu taliya suke sayarwa, ba su rasa rufin asiri ba. Amma shi idonsa na kan waɗanda ake kawar wa kai. A 1896 ya tafi Caldes de Boí, can cikin duwatsun Firenis, ya zauna yana zana masu maƙoƙo da nakasassu. Bayan ya je Faris ya dawo, sai ya duƙufa kan matan ƙabilar Gitano, mutanen da garin ke ƙyama, irin Consuelo da ya yi ta zanawa ba ya gajiya. Masu kuɗi kuwa hoton matansu suke so cikin leshi, wa zai rataya talauci a falonsa? Haka aka yi ta kushe shi shekara da shekaru.

Sai a 1910, a baje kolinsa a zauren nuna zane na Faianç Català, aka yi rububin saye. Shekara na zagayowa taifot ta ɗauke shi, yana da 38. Da Baba ya zo nan a labarin sai da na ji haushi ya tokare min maƙogwaro, kamar ɗan uwana aka yi wa.

Muna nan tsaye har mai gadi ya zo yana nuna mana agogo. A matakalar fita Baba ya ciro Yuro 20 daga cikin safarsa ya danƙa min, ya ce in sake jari. Abin da na yi da kuɗin nan, sai mako mai zuwa.