Asubar da muka bi tsuntsun Wayomin

Ƙarfe huɗu na asuba muka bar garin Pinedale a jihar Wayomin ta Amurka. Farkon watan Mayu ne, amma sanyin ya fi na tsakiyar hunturun Jos. Muka bi hanyar tsakuwa, fitilun rijiyoyin gas na ƙyalli can nesa, har shugabar tawagarmu ta kashe mota ta ce kada wanda ya fita.

Da gari ya fara wayewa sai ga su a wani fili, mazan tsuntsun da ake kira sej-gurawus. Kowanne ya fi zabo girma, ya baje jela tsinke-tsinke, ƙirji fari fat. Sai ya kumbura wasu jakunkuna biyu rawaya a ƙirjin, ya sake su da ƙara kamar an jefa dutse a rijiya. Duk shekara fili ɗaya suke komawa neman mata, shi ya sa a nan ake ƙirga su. Rahoton hukumar binciken ƙasa ta Amurka na 2021 ya nuna sun ragu da kashi 80 cikin 100 tun 1965, kuma fiye da sulusin waɗanda suka rage a Wayomin suke.

Ainihin aikin, wato auna tsirran da tsuntsun ke rayuwa a cikinsu, sai da rana ta ɗaga. Muka shimfiɗa tef mai mita 25, duk rabin mita a saukar da siririn ƙarfe, a rubuta abin da ya taɓa: ganye ne, ciyawa, ko ƙasa tsirara. Na murza ganyen ɗan itacen da ya rufe dajin, sai ƙamshin tazargade ya bugi hancina. Ashe dangi ɗaya ne. Da hunturu wannan ganye kusan shi kaɗai ne abincin tsuntsun, a gindinsa kuma macen ke yin sheƙa.

"Malam, durƙusa ka auna," in ji shugabar tawagar. Ana son ciyawar ta kai kamar santimita 18, don ta ɓoye ƙwai daga idon hankaki. Wannan ya tsaya mini a rai, ni da na tashi cikin makiyaya. Filin na gwamnati ne, ana kiwon shanu a cikinsa da izini, kuma irin abin da muke rubutawa ake dubawa kafin a ce shanu su shiga ko su dakata. Ba a kori makiyayi ba, lokaci ake tsara masa, kuma na ga adalci a hakan.

A layi na uku ƙarfen ya sauka kan wata siririyar ciyawa mai laushi. Baƙuwa ce daga Turai da Asiya, tana bushewa da wuri ta zama makamashin gobara, itacen kuwa in ya ƙone sai ya yi shekaru gommai bai dawo ba. Matar ta yi shiru, ta ɗauki alamar wurin a na'urarta. Muka naɗe tef, iska na neman fizge takardar daga hannuna.